Baƙin Mai a Gindin Barako

Akwai wani mai babur ɗin haya a garin Batangas, mai suna Mang Perto, wanda tunda aka haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Yana da kare mai suna Barako, yana ji da shi fiye da babur ɗin.

Wata safiya ya ga Barako yana jan gindi a kan siminti, yana juyawa yana cizon ƙasan wutsiya. Da ya ɗaga wutsiyar, sai ga wani jan ƙullutu kamar lemun tsami a gefen dubura, fatar wurin duk ta saɓule.

Matarsa, Aling Celing, ta leƙo daga kicin. "Perto, kai shi wurin likitan dabbobi."

"Likita? Ƙazuwa ce fa kawai. Da baƙin mai tsohona ya warkar da karnukan unguwar nan kaf."

"Ka tambayi karnukan?"

"Ke dai koma kan shinkafarki."

Ya ɗebo baƙin man da ya juye daga injin babur ya lafta wa wurin. Barako ya juya ya lashe tas. Ya ƙara laftawa, karen ya ƙara lashewa.

A tasha abokan aikinsa suka samu abin yi. "Mutumina, an ce ka yi wa Barako juyen mai. Yaushe za a canja masa taya?"

Perto ya gyara gashi a madubin babur. "Ku yi dariyarku. Gobe ku za ku zo neman magani."

Washegari Barako bai tare shi a ƙofa ba. Yana kwance ƙarƙashin tebur, ya yi amai baƙi, ko kan kifin da aka ajiye masa bai shinshina ba. Ƙullutun ya ƙara kumbura. Perto ya ɗan taɓa, karen ya yi wani siririn kuka.

Ciwon daji ne ya faɗo wa Perto a rai.

"Celing," ya ce a hankali, "ɗauko tawul mu naɗe shi."

A asibiti, Dakta Marivic ta dubi gindin karen, ta dubi Perto. "Wa ya shafa masa wannan?"

Perto ya ɗaga kai yana kallon fanka. "Wani maƙwabcinmu ne."

"Maƙwabcin a gadona yake kwana, Dakta," in ji Celing.

Likitar ta wanke man da sabulu, ta lalluba wurin. "Ba daji ba ne, Mang Perto. Kowane kare yana da 'yan jakunkuna biyu a gefen dubura. Ɗaya ce ta toshe ta tara mugunya. Ƙullutun ba ya kisa. Man da ya lasa ne ya kusa tafiya da shi."

Ta yi masa allura, ta kama wurin za ta matse. Perto, da halin bai bar shi ba, ya matso da kai. "Dakta, da daga nan ƙasa kika..."

Fit! Abin ya fallatso masa a gaban riga. Wani wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen kifi.

Ana cikin toshe hanci, Barako ya ɗaga kai ya kaɗa wutsiya. Perto ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya yana share ido.

"Zai tashi, Dakta?"

"Zai tashi. Ku ba shi maganin nan, man kuma a bar wa babur."

Da suka isa gida Barako ya cinye shinkafa da romo har yana lasar kwano. Celing ta bar shi ya kwanta a falo. Perto kuwa sai da ya tuɓe rigar a waje kafin ta buɗe masa ƙofa.

Darasi: Dabba ba ta da bakin ce maka maganinka yana cutar da ita. In ka ga ƙullutu ko ƙaiƙayi a jikinta, ajiye "na sani" ka kai ta wurin likita. Ku tura wa masu karnuka da masu taurin kai. Ba ku karanta ku sha dariya ku sulale ba, yadda kuka saba yi mini, ni da na ɓata yatsuna masu daraja na rubuto muku.