Sarauniyar da Ake Fasa wa Kwano

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

An yi wani sarki a ƙasar Japan, can inda rana ke fitowa daga cikin teku. Sarauta ta gundure shi, sai ya ɗauki 'yarsa Kiyoko mai shekara biyar ya ɗora a karaga, ya yi tafiyarsa. Daga ranar aka saki asabari tsakaninta da mutane. Ba a kallon fuskarta, ba a kiran sunanta. Abinci kuwa ita kaɗai take ci, da tsinkaye biyu irin nasu. Da ta gama, wata baiwa mai suna Ume za ta shigo da dutse, ta ce, "Sarauniya ta ci, a fasa." Sai ta fasa kwanon tangaran ɗin, don kada bakin wani ya taɓa inda nata ya taɓa.

Ku da kuke kokawa kan tsoka ɗaya a kwano, kuna ganin ta ji daɗi ko? Abin da take so a duniya ɗaya ne, wani ya sa hannu a kwanonta.

Ta kira mahaifiyarta ta ce, "Inna, zo mu ci." Uwar ta kifa goshi a ƙasa ta ce, "Ranki ya daɗe, ba a yi."

Ta kira ƙanwarta ta ce, "Zo mu ci." Ita ma ta ce, "Ranki ya daɗe, ba a yi."

Ta kira Ume. Ume ta ɗaga dutsenta kawai.

Haka ta girma, abinci ba ya mata daɗi. Wata rana Hankaka ya sauka a tagarta, ya ga soyayyen kifi, ya ce, "Ni tsuntsu ne, dokarku ba ta san da ni ba." Ya sa baki ya cinye rabi. Kiyoko ta san sarai kifin ya kawo shi, amma ta yi murna har da hawaye. Ta ɓoye kwanon a hannun rigarta, ta ce wa Ume ya faɗa rijiya.

Kullum Hankaka na zuwa, kullum dogarai na jifarsa. Da jifa ya ishe shi sai ya ce, "Ki sauka mana. Ki ba ƙanwarki karagar, mu koma bayan gari. Can kowa zai ci da ke." A ransa kuwa cewa yake, can babu dogari, kifi duka nasa ne.

Ta yarda. Ta miƙa sarauta, ta koma wani ɗan gida a gindin dutse da kwanonta. Ta dafa shinkafa, ta fita ƙofa tana kiran masu wucewa. Manomi ya kifa goshi ya ce ba a yi. Mai itace ya ce ba a yi. Mai tallan gishiri ya yar da kayansa ya ruga a guje. Wadda ta taɓa hawa karaga, har abada tsoronta suke ji.

Hankaka ya leƙa kwano ya ce, "Ina kifin?"

Ta ce, "Kifi na fada ne."

Ya ce, "To, bari in je in dawo."

Bai dawo ba. Shekara da shekaru tana zuba abinci na mutum biyu, tana cin rabi, rabin yana hucewa. Kanta ya yi fari fat, kaɗaici ya cinye ta.

Wata safiya sai ga Ume a ƙofa, ta tsufa tukuf, an sallame ta daga fada, dutsenta na hannu domin ba ta san wani aiki ba. Ta ga kwanon ta gane shi, ta ce, "Ashe bai faɗa rijiya ba." Ta ɗaga dutse ta fara, "Sarauniya ta ci..."

Kiyoko ta rufe kwanon da hannu biyu ta ce, "Iya, ban ci ba. Shi kaɗai ne gare ni."

Ume ta sauke hannunta. Can ta ce, "Kwano nawa na fasa da abinci a ciki, ina jin yunwa?"

Kiyoko ta ce, "Zo mu ci."

Ume ta ajiye dutsen a bakin ƙofa, ta zauna. Ta sa hannu a kwanon, ta kai loma baki. Suka ci har suka ga gindin kwano. Kiyoko ta ce, "Ashe shinkafa tana da daɗi."

Hankaka ya ji labari ya dawo da sauri, ya tarar an wanke kwano an kife. Har yau yana zagaya gidaje yana ihu, ba mai kiransa.

Saboda haka in an ce muku ku zo mu ci, ku wanke hannu ku zo, ko da kun ƙoshi. Ba ku san shekara nawa mai kiran ya yi yana jira ba.

Ƙurunƙus, kwano na nan a kife, ba a fasa ba.