Wace Ce Ƙaunar Bukan Sidi?

Akwai wata budurwa a Akurba mai suna Erdoo, tela ce. An sa aurenta da wani kafinta, Torkuma, bayan Ista. A shekarar 2004 ne, lokacin da bikin Balantain, ranar masoya, ya fara shiga kan matasan Lafia.

Ranar ta faɗo Asabar. Erdoo ta sa jar rigar da ta ɗinka wa kanta, ta nufi shagon Torkuma da hantsi. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

Iyatu mai kunu, wadda ke zama gefen shagon, ta ce, "Amarya, kin makara. Ya tafi Bukan Sidi wurin Ƙauna. Duk Asabar haka yake yi, har da kular abinci. Ƙauna yana jiransa."

Wannan "yana" bai kwantar mata da hankali ba, domin a Hausar kasuwar Lafia mace ma "ya" ake ce mata. Kuma Ƙauna sunan 'yan mata ne, ko a cikin mawaƙan cocinsu akwai masu shi. Kunya ta hana ta ƙara tambaya.

Ta hau acaɓa da niyyar in ta ga abin da take tsoro, a fasa auren. Amma abin da ya fi cin ta a hanya shi ne son ganin fuskar. Fara ce? Doguwa ce? Me ta fi ta da shi?

A Bukan Sidi ta tambayi wani mai faci, "Baba, ina gidan su Ƙauna?"

Ya dubi rigarta, ya tuntsire da dariya. "Ikon Allah! Yau Ƙauna ya yi farin jini. Ga shi can, mai rusasshiyar katanga."

Warin fitsari da na sabulu ne suka tarbe ta. A tsakar gida Torkuma na durƙushe, yana yi wa wani tsoho aski. Rabin jikin tsohon ya shanye, bakinsa ya karkace.

"Ina Ƙaunar take?" in ji ta.

Torkuma ya firgita, sannan ya nuna tsohon da reza. "Ga shi."

Ya ja ta gefe. Ya ce sunan mutumin Aloysius, mai gidan da suka taɓa zama haya ne. Don ba'a mutane suka laƙaba masa Ƙauna, saboda ba a taɓa ganin tausayi a idonsa ba.

"Shi ne ya watsar mana da kaya cikin ruwan sama, makon da aka binne babana."

"To me ya kawo ka?"

"Gyaran ƙofa na zo yi a maƙwabta, na ji nishi. 'Ya'yansa sun watse sun bar shi. Na leƙa, na ce Allah ya rama mana, na tafi. Washegari a coci aka zo wurin roƙon gafara, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na dawo wurinsa."

"Yanzu kana son sa ke nan?"

"So? Har yau in na taɓa hannun nan raina ɓaci yake yi. Amma Yesu bai ce sai mutum ya yi mini daɗi ba." Ya sunkuyar da kai. "Mamana ba ta sani ba, shi ya sa na ɓoye. Kuma gara ki ji tun yanzu, Erdoo: in kin aure ni, Asabar ɗina ba taki ba ce ke kaɗai, har Allah ya ɗauke shi."

Torkuma ya koma ya buɗe kula, ya ɗebi fate, amma kan tsohon ya ƙi tsayuwa, abincin na zuba a ƙirjinsa.

Erdoo ta durƙusa ta tallafe kan da tafin hannunta.

Tsohon ya juyo da ido da ƙyar. "Wace... ce wannan?"

Torkuma ya dube ta.

Ta karɓi cokalin daga hannunsa. "Surukarka ce, Baba. Buɗe baki."

Darasi: Soyayya tana zaɓen wanda ya burge ta, kuma ba laifi ba ne. Amma ƙaunar da Almasihu ya koya mana tana kaiwa har ga wanda ya ɓata mana, ko zuciya ba ta gama hucewa ba. Kafin ranar masoya ta wuce, ku tuna da wani da kowa ya guje shi. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.