Zalɓen Takarda na Baba

Akwai wata mata mai shagon ɗinki a bakin babban titin unguwarsu, kowa yana kiranta Yanzu-yanzu. Tun tana yarinya sunan ya bi ta, domin ba ta iya jiran komai. In ta ɗora ruwa a wuta sai ta tsaya a kansa tana ta buɗe murfi. In ta aiki mutum, kafin ya kai bakin ƙofa ta biyo shi ta karɓi saƙon ta kai da kanta. Ba ta da mugun hali, hannunta a sake yake, kuma ba a taɓa jin ta saɓa wa mai kawo ɗinki alkawari ba. Aibinta ɗaya ne, duk wanda yake yin abu a hankali gani take yi yana ɓata wa duniya lokaci.

Mahaifinta tsohon mai gyaran keke ne, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin filaya da sifana. Da tsufa ya zo, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya taɓa masa hannun dama da ƙafa, harshensa ma ya yi nauyi. Yanzu-yanzu ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta, ita da maigidanta suka gyara masa ɗakin da yake kallon tsakar gida. Ta kula da shi iya ƙarfinta, sai dai kulawar ma irin tata ce. In ya kai hannu zai ɓalla maɓallin riga, ta riga ta ɓalla masa. In ya fara magana yana laluben kalma, ta ƙarasa masa zancen ta wuce. Likita ya ja mata kunne cewa ta bar shi ya riƙa motsa hannun da kansa, ko da zai ɗauki lokaci. Ta ce to, amma da ta gan shi yana fama da cokali sai ta kasa daurewa. A hankali Baba ya daina ƙoƙari. Ya koma zama a kujera a bakin ɗakinsa, hannun a kan cinya, yana kallon inuwa tana zagaya bango.

Ana nan sai aka gama gyaran zauren ɗakin karatu na unguwar. An sake rufin, an shafa farin fenti, wuri ya yi tsaf amma ya yi fayau kamar ɗakin jiran asibiti. Wata tsohuwar malamar zane da ta yi ritaya, wadda kowa yake kira Malama, ta kawo shawara cewa kowane gida ya yi tsuntsu ɗaya da abubuwan da ake zubarwa, a rataye su a rufin zauren. Ta ce ba a bukatar sayen komai. Tsofaffin jaridu, kwalin sabulu, robar ruwa, guntun waya da ragowar fenti sun isa. Mutane suka yi na'am, aka fara taruwa a zauren kowace Asabar da hantsi.

Malama ta nuna musu yadda ake yi. Da farko a lanƙwasa waya a yi ƙashin tsuntsun, a cika cikinsa da roba ko dunƙulen takarda. A dama fulawa da ruwa da ɗan gishiri har ta zama gam. A yayyaga jarida da hannu siri-siri, a tsoma, a tsane da yatsu, a shimfiɗa a jiki. Sai ta ɗaga yatsa ta ce abin da ya fi komai shi ne a bar kowace shimfiɗa ta bushe sarai, har in an ƙwanƙwasa a ji tana amsawa, kafin a ƙara wata a kai. Fenti kuwa sai a ƙarshen ƙarshe.

Maigidan Yanzu-yanzu ne ya ce a tafi da Baba ko ya sha iska. Aka zaunar da shi a gefe. Yana zaune yana kallo, sai ya ga wani tsohon abokinsa, direban bas da ya ajiye aiki, riƙe da filaya yana kokawa da waya tana zille masa. Baba ya miƙa hannun hagu ya karɓi filayar. Ya danne wayar da hannun nan mai ciwo, ya murɗa, ta kufce, ya sake dannewa. Kafin a tashi ya fitar da wani abu mai kama da dogon wuya. Direba ya duba ya ce wannan ai famfon keke ne aka yi wa baki. Baba ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba, ya ce zalɓe ne, irin wanda yake gani a bakin rafi yana yaro.

Daga ranar Baba ya samu abin yi. Ya taho da wayar gida, kullum bayan karin kumallo sai ya jawo ƙaramin tebur ya hau aiki. Ƙafa ɗaya ta zalɓen takan ci masa yini. Filaya ta faɗi, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka. Da ya gama ƙashin ya fara manna takarda, sai ya yi shimfiɗa ɗaya ya kai tsuntsun rana, ya zauna kusa da shi yana gadi.

Ita kuwa Yanzu-yanzu, an ce kowane gida tsuntsu ɗaya, amma ita ta jera wajen rabin dozin a bayan shagonta. Akwai aku, akwai kurciya, akwai kanari, har da dawisu mai jelar ƙyallayen da suka rage mata a ɗinki. A zama ɗaya take lafta takarda bisa takarda, ta kunna musu fanka, da ta taɓa ta ji saman ya bushe sai ta shafa fenti. Sun yi kyau ƙwarai, masu kawo ɗinki suna ta yabawa. Malama ta leƙo wata rana ta ɗaga akun, ta ce ta ji shi da nauyi, anya ya bushe ta ciki? Yanzu-yanzu ta yi dariya ta ce fanka ta fi rana sauri.

Ranar rataye tsuntsaye ta matso, zalɓen Baba ko rabi bai kai ba. Abin ya dami Yanzu-yanzu. Ta riƙa hango yadda za a rataye na kowa a bar nasa, tsoho ya ji kunya a gaban abokansa. Wata rana da azahar, Baba yana barci, ta ɗauki zalɓen ta kai shago. Kafin la'asar ta lulluɓe shi da takarda, washegari ta yi masa fenti ruwan toka, ta manna masa idanu da maɓallai. Ta kawo ta ajiye masa a kan tebur tana murmushi, ta ce ga shi ta hutar da shi.

Baba ya daɗe yana kallon tsuntsun. Ya shafa wuyansa da yatsa, sannan ya janye hannun ya mayar kan cinya.

"Ya yi kyau, uwata. Allah ya yi miki albarka," in ji shi a hankali. "Ki haɗa da naki."

Ba ta gane ba a lokacin. Ta ɗauka gajiya ce. Amma da Asabar ta zo ya ce ba zai je zauren ba, ƙafa tana damunsa. Filayar ya sa ta a aljihun tebur ya rufe. Direba ya zo har gida ya zolaye shi, Baba ya yi murmushi kawai. Maigidanta ya ce mata cikin natsuwa yana ganin ba ƙafa ce take damun Baba ba. Ta ce ita dai taimako ta yi, in taimako ya zama laifi to ba ta san abin da za ta yi ba.

Ana gobe za a rataye, ta shiga bayan shago da safe don ta kwashe tsuntsayen. Wani wari ne ya fara tarbarta. Akun ya yi baƙin tabo a ciki, da ta danna sai yatsanta ya nutse. Kurciya ta lotse, wuyan dawisu ya langaɓe, fumfuna ta fito ta ƙarƙashin fenti. Danshin da ta rufe a ciki ya ruɓar da su duka. Zalɓen ma bai tsira ba, tana ɗaga shi takardar ƙirjinsa ta saɓule a hannunta.

Ta zauna a ƙasa ta fara ɓare ruɓaɓɓiyar takardar. Shimfiɗar da ta lafta duk ta zama taɓo, har ta jiƙa wadda Baba ya yi a ƙasa. Da ta gama sai ƙashin waya ya bayyana, yana tsaye daram a kan ƙafafunsa. Ta ɗaga shi zuwa haske. A kowace mahaɗa akwai murɗi, kuma a kowane murɗi akwai sawun haƙoran filaya birjik, inda ta kufce ya sake kamawa, ta sake kufcewa ya sake kamawa. A ƙafar farko sawun ya yi yawa, murɗin a karkace. A ƙafa ta biyu ya ragu. A fukafukai, waɗanda ya yi daga baya, murɗin ya fito sumul kamar na lokacin da yake da lafiya. Sai a nan ta gane cewa hannun mahaifinta dawowa yake yi a jikin tsuntsun nan, ita kuma ta karɓe shi daga gabansa. Ta rufe shagon, ta rungumi wayar ta nufi gida tana share hawaye.

Ta durƙusa a gaban kujerarsa ta ajiye ƙashin zalɓen.

"Baba, ka yafe mini. Na ɓata maka aiki, nawa ma duk sun ruɓe. Na ɗauka sauƙi nake yi maka."

Ya ɗauki wayar ya jujjuya, ya gwada ƙarfin ƙafafun. Ya fara magana, kalmar ta maƙale. Bakinta ya motsa za ta ƙarasa masa, sai ta dantse leɓe ta jira. Jiran ya yi mata tsawo, amma ta jira.

"Ƙashin yana nan," in ji shi daga ƙarshe. "Takarda ce kawai. Akwai sauran jarida?"

Da yamma ta je ta sami Malama ta gaya mata komai ba tare da ɓoye nata laifin ba. Malama ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta tuntuɓi sauran mutane a kan a bar wa zalɓen Baba wuri, kuma babu wanda ya yi musu. Washegari aka rataye tsuntsayen unguwa, manya da ƙanana, wasu kamar kaji, wasu ba a san ko mene ne ba sai mai su ya yi bayani. Amma a tsakiyar rufin, daidai inda hasken taga yake sauka, aka bar ƙugiya ɗaya babu komai. Direba ya ce ko shekara za a yi, wurin famfon keke ne, kada wanda ya taɓa.

Makonni suka shuɗe ana aikin. Baba ne mai mannawa, Yanzu-yanzu kuwa aikinta yaga jarida da dama fulawa, sai riƙe tsuntsun in ya ce ta riƙe. Sau da yawa takarda takan karkace a hannunsa, yatsunta su yi ta ƙaiƙayi, sai ta tura su ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai. Lokacin jiran bushewa, tun da babu abin yi, sai hira. A nan ta ji labaran da ba ta taɓa ji ba, na yadda ya koyi gyaran keke, da yadda ya fara ganin mahaifiyarta ta kawo keken ƙanenta da tayar ta lanƙwashe. Maƙwabta suka riƙa aiko da jaridu, mai shagon fenti ya aiko da ragowar ruwan toka, ya ce a gaishe da Baba.

Ranar da zalɓen ya kammala, fentinsa bai kwanta sumul ba, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Da aka ƙwanƙwasa shi kuwa sai ya amsa kamar ƙwarya. Mutane suka cika zauren ba tare da an yi gayya ba. Baba ya ɗaura igiyar a bayan tsuntsun da hannunsa na dama, a hankali, har ƙullin ya kama. Maigidan Yanzu-yanzu ya hau tsani ya rataye. Zalɓen ya juya kaɗan a iska ya tsaya, dogon wuyansa yana fuskantar taga.

Baba ya ce yana da magana. Ya gode wa Malama, ya gode wa Direba duk da bakinsa, ya gode wa mutanen unguwa da suka bar masa wuri. Sannan ya dafa kafaɗar 'yarsa ya ce wannan ita ce ta fi kowa shan wahala, domin zaunar da ita wuri ɗaya ya fi lanƙwasa waya wuya. Aka yi dariya, ita ma tana yi tana goge ido. Kafin a watse wata mata ta matso ta ce mijinta ma yana kwance da irin wannan ciwon, ko Baba zai yarda ya nuna masa yadda ake riƙe filaya? Baba ya ce ta kawo shi ranar Asabar, akwai waya da yawa.

Darasin da yake cikin wannan labari shi ne, gaggawa tana iya shigowa da rigar taimako. Aikin da aka rufe kafin ya bushe yakan yi kyau a ido ya ruɓe ta ciki, haka ma mutumin da aka hana shi yin abu da hannunsa don ana tausayinsa. Idan kana da tsoho, ko mara lafiya, ko wani mai koyo a kusa da kai, ka ba shi lokacinsa, ka zauna tare da shi, ka taimaka a inda ya nema. Kuma in ka yi kuskure ka samu masu yafe maka da masu jiranka, ka gode musu, ka gode wa Allah da ya haɗa ka da su.