Hukuncin Matar da Ta Yi Jinyar Maƙiya Biyu

A zamanin da yaƙin basasa ya raba ƙasar Gwaranya biyu, an yi wani sarki mai suna Tambari, wanda ya ƙwace birnin Daɓo daga hannun ƙanensa, ya rarraba mayaƙansa cikin gidajen jama'a. Kasuwa ta daina ci, mutane suka koma magana ƙasa-ƙasa.

Aka sauke wani mayaƙi, Jatau, a gidan wata dattijuwa mai suna Delu, yana fama da raunin mashi. Ta yi jinyarsa har ya miƙe. Daga baya aka gano cewa ta ɓoye ɗanta, wanda mayaƙin ƙanen sarki ne, a rumbu, shi ma da rauni. Barde, shugaban rundunar, ya kawo ta fada, ya nemi a kashe ta.

Sarki ya kira Alƙali Mujtaba, ɗan garin, ya ce, "Malam, mene ne hukuncin wadda ta ciyar da maƙiyina a ƙarƙashin ikona? Ka sani idan ka karkata ga mutanenka, zan gane."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a fara jin Jatau."

Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, daga tukunya ɗaya Inna take zuba mana kunu. Da ba don ita ba, da tuni an binne ni."

Alƙali ya ce, "Idan ka kashe ta yau saboda kunun ɗanta, ƙanenka, in ya dawo, zai kashe irinta saboda kunun mayaƙinka. Idan jinƙai laifi ne a mulkinku duka biyu, to a kan wane bambanci aka zubar da wannan jini?"

Sarki ya sunkuyar da kai. Sannan ya sallami Delu, ya ba ɗanta aminci, ya umarci mayaƙa su fita daga gidaje su koma sansani bayan ganuwa, ya kuma naɗa Mujtaba alƙalin alƙalai.

Amma raunin ɗan ya riga ya yi nisa, bai kai Juma'a ba. Jatau ne ya fara kama makararsa.

Ƙarfi yana mallaka wa sarki ganuwa, amma mutanen da ke cikinta sai da adalci.