Yadda Mudu Ya Rame

An ce wani sarki ya manyanta, sai kewar ƙuruciyarsa ta kama shi. Ba ya zama a fada face ya tuno zamanin mahaifinsa, lokacin da ake sayen mudun gero wuri goma, mai awo kuma ya ƙara maka gyara har ya zubo ƙasa. In yana faɗin haka idonsa kan cika da ƙwalla, fadawa su yi ta gyaɗa kai, alhali rabinsu ba a ma haife su ba a lokacin.

Rannan ya sa aka yi shela cewa mudu ya koma wuri goma, wanda ya ƙara ko wuri guda ya kuka da kansa. Farashi kuwa ya tsaya cak. Amma kafin wata uku mudun ya rame, har ya zamana da ƙyar yake isar tuwon mutum biyu.

Sarki ya fusata. Aka kamo Jatau, tsohon da ke sassaƙa wa masu awo mudu, aka yanke hukuncin a sare masa hannu.

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, hannun nan shi ya sassaƙa mudun zamanin mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Kafin a raba ni da shi, a bar ni in nuna wanda ya rage mudu."

Sarki ya ce, "Wa ya rage shi, in ba kai ba?"

Jatau ya ce, "Wani ne mai hannu bakwai, kuma da sunanka yake miƙa su."

Sarki ya ba shi izini. Jatau ya sa aka ɗauko masa wani tsohon mudu da ya yi baƙi don shan hannu, ya cika shi da gero. Ya jera dogarai bakwai tsakaninsa da karaga, ya ce kowa ya ɗebi tafi guda ya miƙa gaba. Da mudun ya iso wurin sarki, ko rabi bai kai ba.

Jatau ya ce, "Ya sarki, a da manomi kan koro jakinsa tun daga ƙauye har kasuwa, ba mai tsayar da shi sai mai gaisuwa. Wallahi ni ma ina kewar kwanakin nan. Yau shinge bakwai ne a hanya, kowanne da mai karɓar haraji. Ka ɗaure farashi, ka saki masu shinge. In mai awo ya cika tsohon mudu a wuri goma, iyalinsa za su wuni da yunwa. Ni dai abin da ya iso kasuwa nake sassaƙa wa mazubi."

Sarki ya daɗe yana kallon geron, kunya ta lulluɓe shi. Shi da kansa ya kafa shingayen nan ɗaya bayan ɗaya, duk sa'ad da baitulmali ya yi ƙasa. Nan take ya janye shela, ya sa a rushe shinge shida, ya bar guda.

Sa'an nan ya tambaya a hankali, "To, yanzu zamanin mahaifina zai dawo?"

Jatau ya ce, "Gero zai yi araha, in Allah ya yarda. Ƙuruciya kuwa, ranka ya daɗe, ba a kawo ta kasuwa."

Sarki ya yi murmushi mai ciwo, ya ce, "Ku sake shi. Adalci shi ne sarki ya duba hannunsa kafin ya sare na wani."