Gwadon da Ya Makara

A wani ƙauye akwai wata mace mai son kaɗi ƙwarai. Ba don neman abinci take yi ba, gama gonar mijinta tana ciyar da gidan. Sha'awa ce kawai. In ta gama aikin gida sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. Takan ce juyin mazari ya fi mata hirar tsakar gida daɗi.

Wadda ta koya mata kaɗi da saƙa gwaggonta ce, wata tsohuwa da ke zaune a ƙetaren rafi. Yanzu idon tsohuwar ya dushe, hannunta yana rawa. Gwadon da take rufa da shi kuwa ya tsufa, har ana hango haske ta cikinsa.

Wata rana matar ta je gaishe ta, ta nuna mata zaren da ta kaɗa. Tsohuwar ta shafa shi, ta ce, "'Yata, ki saƙa mini gwado da zaren nan. Sanyin damina yana shiga ƙashina."

Matar ta ce, "To, Gwaggo, amma ba da wannan ba. Dubi, nan kauri, nan siriri. Bari hannuna ya ƙara faɗawa, in yi miki wanda babu irinsa a garin nan."

Tsohuwar ta ce, "Ni dai mai ɗumi nake so."

Matar tana ƙaunar gwaggonta, wannan babu shakka. Amma ta kuma san cewa duk wanda ya ga gwadon zai tambaya wa ya saƙa, ita kuwa ba ta so a kira sunanta a kan zare mai gargada. Sai ta ci gaba da kaɗi. In ta cika mazari ta ɗaga zaren a rana, ta sami abin kushewa, ta jefa shi cikin tukunya. Tukunya ta cika, ta samo wata. Damina ta wuce, wata ta zo. Kullum ta je gaisuwa sai ta ce, "Saura kaɗan, Gwaggo." Tsohuwar ba ta ƙara tambaya ba, sai dai ta matsa kusa da murhu.

Ana nan sai labari ya zo cewa tsohuwar ta kwanta, tari ya kama ta. A ranar matar ta zaɓi zaren da ya fi kyau, ta ɗaura a masaƙa, ta duƙufa. Abin da ta yi ta ɗagawa shekara da shekaru, ashe aikin 'yan kwanaki ne. Gwado ya fito fari sol, mai laushi. Ta naɗe shi, ta ƙetare rafi da sauri.

Tun daga ƙofar gida ta ji kuka. Ta shiga ta tarar mata suna shirya gawar. Ɗaya daga cikinsu ta karɓi gwadon, ta ware shi, ta ce, "Kin zo a kan kari, da ma muna neman farin zane da za mu naɗe ta." Sauran suka matso suna shafawa, suna cewa, "Wa ya saƙa wannan? Lalle babu irinsa a garin nan."

Yabon da ta daɗe tana jira ke nan. Ta ji shi da kunnenta, ta zauna a ƙasa, ta yi kuka mai zafi.

Ga ma'anar misalin. Zaren nan shi ne alherin da Allah ya riga ya sa a hannunmu: lokaci, abinci, ziyara, kalmar gafara. Tsohuwar ita ce mabukacin da Ubangiji ya ajiye kusa da mu. Tukunyar kuwa ita ce "sai na shirya". Da yawa a cikinmu ba mugunta ce ke hana mu aikin ƙauna ba, jira muke mu yi shi yadda za a yaba. Ubangiji ba zai tambaye mu ko zarenmu ya yi sumul ba, zai tambaya ko ɗan'uwanmu ya ji ɗumi. Saboda haka, 'yan'uwa, in akwai wanda kuka ce wa "saura kaɗan", ku kai masa abin da ke hannunku yau, tun yana iya cewa na gode.