Idon Mai Agogo

Akwai wani mai gyaran agogo da ke da ɗan shago a ƙarƙashin wani bene, kusa da tashar mota. Shagon tebur ɗaya ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da akwatin gilashi cike da agogunan mutane. Kowa Mai Agogo yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana.

Mutumin nan Allah Ya ba shi ido. In ya maƙala ɗan gilashinsa a idon dama ya runtse na hagu, sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba sai ya ɗauke shi da matsefata ya mayar da shi mazauninsa. Da idon nan ya riƙe gida, da shi ya raini manyan 'ya'yansa, da shi kuma yake fatan 'yarsa Auta ta gama makaranta. Shi ya sa yake lallaɓa idon kamar ƙwai. Ko wajen masu walda zai wuce, sai ya kare fuska da hannu.

Sai dai fa akwai taurin kai. In ya ce abu kaza ne, ko garin zai taru a kansa ba ya sauka.

Ciwon ya fara ne a fiƙarsa ta sama, ɓangaren dama, daidai ƙarƙashin idon aikin. Da farko in ya sha ruwan sanyi ne yake jin tsar har ƙwaƙwalwa. Daga baya ya koma tauna da hagu. In yana cin abinci sai ya ɗan karkatar da kai, kamar yana sauraron agogon wani.

Matarsa ta ce, "Baban Auta, yaushe za ka je a duba maka haƙorin nan?"

Ya ce, "Wa ya ce miki ciwo yake?"

Ta ce, "Ai wuyanka ne ya faɗa mini. Ko leƙen wani kake yi a cikin kwanon?"

Ya haɗe rai, ya ci gaba da cin abincinsa.

Abin da ke ransa tsoho ne. Yana saurayi aka cire wa mahaifiyarsa haƙorin sama, ba a jima ba ganinta ya fara dushewa har ya tafi gaba ɗaya. Shi ne ya riƙa jan hannunta zuwa banɗaki har ta rasu. Yayarsa ta sha gaya masa ciwon suga ne ya cinye idon tsohuwar, likitoci ma haka suka ce. Ina, shi dai abin da ya gani ya gani: an cire haƙori, ido ya tafi.

Da ciwo ya hana shi sakat, matar ta yi ta roƙo har ya yarda suka je asibitin haƙori, Auta na biye da su. Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta nuna masa wani baƙi-baƙi a saiwarsa.

Ta ce, "Malam, ba ma sai an cire ba. Zan yi maka allurar kashe zafi, in wanke cikin haƙorin, in cike shi. Amma kada a bar shi haka, ciwon ya kai jijiya."

Ya ce, "Allurar a ina?"

Ta nuna masa dasashinsa na sama.

"Nan, ƙarƙashin ido?"

"Babu abin da ya haɗa ta da ido, Malam. Jijiyar gani daban take. Mutane da yawa suna zuwa mana da wannan tsoron."

Kafin ta rufe baki ya sauko daga kujerar, ya cire ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya ya ninke ya ajiye. Ya ce, "Likita, ke haƙori kika karanta. Ni da ido nake ci. Na gode."

A hanya ya juya ya dubi Auta. "Ki ji da kunnenki. Duk wanda ya bari aka taɓa masa haƙorin sama, ya yi ban kwana da idonsa. Kakarki ta ishe mu misali."

Yarinya ta gyaɗa kai. Baba ne ya faɗa, ai magana ta ƙare.

To, jama'a, nan ne abin ya fi ba ni haushi. Mutumin nan sai ya mayar da bakinsa agogo. Ya gwada kanumfari, ya daka ƙwayar magani ya cusa a kogon haƙorin, duk a banza. Rannan a shago ya kafa madubi a gaban fitila, ya kama auduga da matsefata, ya tsoma ta a ruwan da yake wanke cikin agogo da shi, ya danna a ramin. Wai abin da ke cire dattin ƙarfe ba zai gagara kashe tsutsar haƙori ba. Ya sha azaba har ya ga taurari da rana tsaka, dasashin ya saɓule.

Bayan 'yan kwanaki kuwa sai ciwon ya ɗauke ɗif.

Zo ka ga fahariya. Ya shigo gida yana ƙwanƙwasa haƙorin da farce. "Maman Auta, ina likitarki? Ki ce mata ta zo in koya mata aiki."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni shirun nan bai kwanta mini ba. Kai da bakinka kake ce wa mutane agogo in ya yi shiru ba warkewa ya yi ba, mutuwa ya yi."

Ya ce, "Ke dai ba ki iya murna ba."

Gaskiyarta ce, baiwar Allah. Jijiyar haƙorin ce ta mutu, shi ya sa ya daina ji. Ciwon yana nan a saiwa yana tara mugunya, yana neman hanya.

Bayan wani lokaci kuncinsa ya fara tashi. Ya ce sanyi ne, ya riƙa gasawa da tsumma mai ɗumi. Zazzaɓi ya shigo, ya ce gajiya ce. Kumburi ya haura gefen hanci ya kama fatar ido. Matar ta yi kuka ta yi magiya, ya ce in ya je yanzu ai cirewa za su yi, gara ya jira ya saɓe.

Wata safiya a shago ya ɗauki gilashinsa zai maƙala, gilashi ya ƙi zama saboda kumburi. Ya riƙe shi da hannu ya leƙa cikin agogo, sai ya ga sukuru ɗaya ya zama biyu, biyun suka narke suka zama hazo. Ya miƙe zai fita, jiri ya kwashe shi. Mai shagon da ke jikin nasa ne ya sa shi a mota zuwa asibiti.

An shiga da shi tiyata a ranar. Aka cire haƙorin, aka zuƙe mugunyar da ta haura har bayan ido, aka yi ta yi masa allurai da ƙarin ruwa. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Amma da aka kwance bandeji, ya rufe idon hagu da tafin hannu, sai duhu.

Likitar haƙorin nan ta leƙo ɗakin da yake kwance. Ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Ta zauna a gefen gado ta ce, "Sannu, Malam. Ba kasafai yake kaiwa haka ba, amma in an bar shi ya daɗe yana kaiwa."

Ya dube ta da idon hagu. Can ya ce, "Da na zauna a kujerar nan ranar fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ya gane amsar.

Da ya samu sauƙi ya koma shago ya gwada da idon hagu. Hannun da ya saba da idon dama tun ƙuruciya ya ƙi bin hagu. Matsefata ta riƙa sauka a gefen sukuru, har ya karce fuskar agogon wani. Ya kira masu agoguna ɗaya bayan ɗaya ya mayar musu da kayansu yana ba su haƙuri. Ranar da akwatin gilashin ya zama wayam, ya ja ƙofa ya zauna a ciki ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda zai ɗora wa laifi.

Rannan suna cin abincin rana, Auta tana zaune a hagunsa, don yanzu nan take zama ya riƙa ganinta. Ya lura ta kai loma, ta ɗan karkatar da kai, ta tura ta gefe ɗaya. Ta sha ruwa, ta runtse ido.

Ya daina tauna. Ya san wannan karkatar da kan, nasa ne.

Ya ce, "Auta, tun yaushe?"

Hawaye ya cika idonta.

"Na sama ne?"

Ta gyaɗa kai. "Baba, kai ka ce in an taɓa na sama ido yana tafiya. Kuma kai ma da aka cire naka..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ajiye cokali. "A'a, 'yata. Ba cirewar ba ce. Barin da na yi ne. Ƙarya na koya miki. Tashi ki sa takalmi."

Shi da kansa ya kai ta. Ya tsaya a gefen kujerar da ya taɓa gudu, ya riƙe hannunta gam lokacin da allurar ta shiga. Ramin ƙarami ne, nan da nan likita ta share ta cike.

Auta ta tashi zaune tana taɓa leɓenta da ya yi nauyi. "Baba, ko zafi ban ji ba."

Ya san gaskiya yanzu, amma tsoron shekaru ba ya fita rana ɗaya. Ya matso da fuskarsa kusa da tata, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kina ganina?"

"Ina ganinka sarai, Baba."

Sai hawaye ya zubo masa ta ido biyun, mai gani da marar gani.

Darasi: Ciwon haƙori in ya yi shiru da kansa, kada ka ɗauka ya warke, je a duba. Gyara ko cire haƙorin sama ba ya makantar da mutum, barin ciwo ya ruɓe ne ke jawo bala'i. Ka tambayi likita duk abin da kake tsoro, kuma ka kula da tsoron da kake shuka wa 'ya'yanka, don sun fi yarda da bakinka a kan na kowa. Ka tura wa wanda ka san yana tauna da gefe ɗaya, wataƙila kai ne sanadin da zai tashi ya tafi yau.